Bayani a Kan Ganyaye da Saiwoyin da Ake Cewa Suna Tsare Hanta

 

Sababin wannan rubutu wani maƙwabcina ne, dillalin gyaɗa, wanda ya same ni a zaure bayan la'asar da wata kwalba cikin aljihun rigarsa. An auna jininsa a asibiti, an gaya masa yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, aka ce ya komo bayan wata shida a sāke dubawa. Bai koma ba. Sai ya sayi kwalban nan a hannun masu mota da lasifika a bakin kasuwa. A jikinta an zana hanta jajawur, an jera sunayen ganyaye bakwai waɗanda kusan dukansu muna ci a miya, an kuma rubuta cewa tana wanke hanta tas. Abin da ya kawo shi wurina shi ne in karanta masa rubutun Larabcin da ke gefe guda. Na karanta, sa'an nan na roƙe shi ya ba ni kwanaki. Na zauna da waɗansu almajiraina na dā waɗanda suka yi karatun haɗa magani, na tambaya, na ƙara tambaya har suka gaji da ni. Ga abin da ya tabbata gare ni.

Da fari ya kamata mu san abin da ake son tsarewa. Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta ga baligi wajen kilo ɗaya da rabi. Magabatan ilmin ɗibbu, tun daga Jalinusa har Ibnu Sina wanda ya rasu a 1037, sun tafi a kan ita ce ke dafa abinci ta mai da shi jini. Yau an san a ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini, in ban da ɗan tayi cikin mahaifa, wanda hantarsa ke yin wannan aiki na wani lokaci. Amma sun dace a babbar mas'ala, watau duk abin da ya tsotsu daga hanji ya shiga jini ba ya isa zuciya sai ya biya ta hanta, ta wata babbar jijiya wadda Larabawa suka kira Babu, ma'ana ƙofa. Fatake sun san hukuncin ƙofar gari a zamanin ganuwa: kaya ba ya shiga kasuwa sai Sarkin Ƙofa ya gani.

Aikinta da guba hawa biyu ne. Tana fara kwance ƙullin gubar ta sāke mata kama, sa'an nan ta ɗaure ta da wani sinadari nata da ake kira gulutatayon, ko da waninsa, ta tura ta waje ta maɗaciya ko ta ƙoda. Hatsarin yana tsakanin hawan nan biyu, gama sau da yawa abin da aka kwance ya fi na ƙulle mugunta. Misalinsa farasitamol, wanda kowa ke sha don ciwon kai. In baligi bai wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana ba, igiyar ɗaurin tana isa. In ya zarce ƙwarai, igiya ta ƙare, sai gubar da aka kwance ta juya kan hantar kanta. Bangon kowace ƙwayar halitta ta hanta kuwa da maiƙo aka gina shi, guba tana ɓata shi kamar yadda man gyaɗa ke ɓaci in an bar shi a rana. Bango ya tsage, sai wani sinadari da likitoci ke kira ALT ya zubo cikin jini. Shi ake aunawa a asibiti, kamar yadda mai sito ke ganin hatsi a ƙasa ya san buhu ya yage.

Hanta mai haƙuri ce, haƙurin nan nata kuwa shi ke ruɗin mutane. A 1931 waɗansu likitoci biyu na Amurka, Higgins da Anderson, sun yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, kafin mako biyu ta komo nauyinta na dā. Saboda wannan juriya mutum yana iya shekara ashirin ko talatin ciwo na cinta ba ya jin kome, sai ran da ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura, ruwa ya taru a ciki. Duk wanda ya ce ya sha magani ya ji hantarsa ta yi wasai, ku sani hanta ba ta ba da irin wannan labari.

To, shin akwai sinadarai cikin tsirran da muke ci waɗanda ke taimakon Sarkin Ƙofan nan? Akwai, ba shakka. Sai dai malamai sun fi kowa sanin cewa labari hawa hawa ne, akwai ingantacce, akwai mai rauni, akwai kuma wanda ba shi da asali. Haka yake a wajen masu binciken magani. Mafi ƙasƙancin hujja shi ne abin da aka gani cikin kwalbar gwaji. Na bisansa abin da aka gani ga ɓera. Na bisa wannan abin da aka lura da shi ga jama'a cikin zamansu na yau da kullum. Mafi ɗaukaka duka shi ne a tara marasa lafiya, a jefa ƙuri'a a raba su kashi biyu, a ba waɗansu maganin, a ba waɗansu ƙwayar wofi mai kama da shi, ba majiyyaci ba likita ba wanda ya san wa ya sami wanne, sai an gama a buɗe littafi.

Gwajin ɓera ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne jarin masu kwalba. Ga yadda akan yi. A samo fararen ɓeraye, a busar da ganye a niƙa, a jiƙa shi cikin ruwa ko barasar aiki, a tace, a ƙafar da ruwan har ya rage tsantsa. A ɗura wa rabin ɓerayen tsantsan nan kwana bakwai ko fiye, sa'an nan a ba su duka guba, galibi farasitamol mai yawa ko wani ruwa mai suna kabon tetarakulorayid, wanda dā ake wanke tufafi da kashe gobara da shi. Washegari a auna ALT, a fede hanta a duba. In waɗanda suka sha tsantsa sun fi lafiya, sai a rubuta cewa ganyen yana tsare hanta. Maganar gaskiya ce a muhallinta. Amma ku lura da abu biyu. An ba da maganin tun guba ba ta iso ba, gubar kuma bugu ɗaya ta yi ta wuce. Maƙwabcina kuwa wata ƙwayar cuta ce ta yi gida cikin hantarsa, watakila tun yana goye. Wanda ya auna halinsa da na ɓeran nan ya yi ƙiyasi tare da bambanci, ɗalibin fiƙihu na fari ma ya san hukuncin irin wannan ƙiyasi.

Mu duba namu na gida. Namijin goro, wanda fatakenmu ke kawowa daga kudu, yana da sinadari da aka raɗa wa suna kolabiron. Farfesa Maurice Iwu ya yi aiki a kansa a Jami'ar Nsukka cikin shekarun 1980, bayansa Farfesa Ebenezer Farombi na Jami'ar Ibadan ya daɗe yana gwada shi, an ga yana tsare hantar ɓera daga guba iri iri. Shuwaka haka, zogale haka. Saiwar rawaya, wadda matanmu ke dakawa su zuba a miya, mutanenmu kuma ke jiƙawa don shawara, ita ma an gwada ta ga ɓeraye tun shekarun 1980 aka ga alama mai kyau. A Mali ma'aikatar maganin gargajiya ta Bamako tana sarrafa ganyen geza, wanda can ake kira kinkeliba, ta sayar da shi da sunan Hépatisane don nauyin ciki da taimakon maɗaciya. Soɓorodo ya ɗan ƙetare zuwa ga mutane: a 2014 masu bincike a Taiwan sun gwada tsantsarsa a kan masu ƙiba 36 har mako 12, suka ga kitsen hanta ya ragu ga waɗanda suka sha. Mutum 36 ba su cika sahu biyu na masallacin unguwa ba. Labari ne mai daɗin ji, amma bai kai a gina hukunci a kansa ba.

A nan zan ɗan ratse. Dalilin da ya sa kowane gari ke da mai maganin shawara wanda ake rantsuwa da shi, shi ne yawancin shawarar da ke zuwa farat ɗaya, irin ta gurɓataccen ruwa, da kanta take wucewa cikin makonni, a sha rawaya ko kada a sha. Duk abin da majiyyaci ke sha ran da idonsa ya washe, shi ke ɗaukar yabo. Wadda ba ta wucewa ita ce ba ta nuna kanta da wuri. Ko mai wucewar ma ba abin wasa ba ce ga mace mai ciki, mutanen Diffa a Nijar sun ga haka a 2017.

Gahawa kam hujjarta ta fi ta waɗannan duka nauyi, abin da ya ba ni mamaki. A 2016 masu bincike a Ingila sun haɗa nazari 9 da suka ƙunshi mutum fiye da 430,000, suka ga duk ƙarin kofi biyu a yini yana tafiya tare da raguwar ƙeƙashewar hanta da kashi 44 cikin ɗari. Wannan lura ce da jama'a, ba a jefa ƙuri'a ba, amma an ga haka a ƙasashe dabam dabam har ya yi wuya a ce haɗuwa ce kawai.

Wanda aka fi bincika cikin tsirran nan duka ba namu ba ne. Wata ƙaya ce da ke fitowa a ƙasashen gefen Bahar Rum, mai fure ja-ja da ganye mai fararen jijiyoyi kamar an ɗiga madara, Larabawa suna ce mata ƙayar Maryama. Mutanen can sukan cire ƙayoyin su ci ganyen da karan, tsofaffin likitocin Rum kuma sun ambace ta. A 1968 Farfesa Wagner da abokansa a birnin Munik na Jamus suka bayyana sinadarin da ke cikin 'ya'yanta, aka kira shi silimarin, aka shiga sayar da shi a duniya. Labarinsa darasi ne.

A Turai akwai wata laimar kwaɗi mai kama da wadda suke ci, ɗaya tak tana iya kashe babban mutum, ta hanta take kisa. An gano cewa silibinin, wanda shi ne jigon silimarin, yana tare ƙofar da gubar ke bi ta shiga ƙwayoyin hanta. Har yau likitocin Turai suna ba da shi ta jijiya ga wanda ya ci laimar nan. Nan ya yi rana, domin halin ya yi kama da na ɓera: guba ce mai bugu ɗaya, an kuma sa maganin kai tsaye cikin jini, a asibiti, da gaggawa.

Da aka koma ga ciwo mai daɗewa sai ruwayoyi suka saɓa. A 1989 likitocin Biyana ta ƙasar Ostiriya sun ba da labarin mutum 170 masu ƙeƙasasshiyar hanta: bayan shekara 4, kashi 58 cikin ɗari na masu shan silimarin suna raye, na masu ƙwayar wofi kashi 39. Aka yi murna. A 1998 likitocin Sifen suka maimaita da mutum 200 waɗanda giya ta ɓata wa hanta, ba su ga bambanci ba ko kaɗan. Sa'an nan a 2012 aka yi gwaji mai tsanani a Amurka a kan mutum 154 masu ciwon hanta nau'in C, aka ba su silimarin fiye da yadda aka saba, miligiram 420 ko 700 sau uku a yini, har mako 24. ALT bai sauka ba fiye da na masu ƙwayar wofi, ƙwayar cutar kuma tana nan yadda take. Ba a yi shekara uku ba bayan wannan sai ga magungunan asibiti waɗanda ke warkar da nau'in C cikin mako 12 ga fiye da mutum 95 cikin ɗari. In sarkin ganyayen hanta, wanda aka yi shekara hamsin ana bincikensa da dukiya mai yawa, nan ya tsaya, me za a ce da kwalbar da aka cika a bayan gida?

Wani zai ce, to, ko bai yi amfani ba ai ganye ne, ba ya cutarwa. Wannan ita ce maganar da na fi jin tsoro, gama tsakanin tukunya da kwalba akwai tafiya mai nisa. Ku ɗauki gangamau, wanda waɗansu ke kira kurkum. Garinsa da ake zubawa a abinci, sinadarin kurkumin da ke ciki bai fi kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba, hanji kuma kaɗan yake bari ya shiga jini. Masu kamfani suka tace shi har ya kai kashi 95, suka ɗura a kafso. Bai ishe su ba. A 1998 an nuna a Bangalor ta Indiya cewa sinadarin yajin masoro yana ninka shigar kurkumin cikin jini har sau 20, sai suka haɗa su. Ta yaya masoron ke yin haka? Ta hanyar riƙe hannun hanji da hanta kada su ɗaure baƙon su fitar. Watau an ba Sarkin Ƙofa toshiyar baki. A 2019 hukumomin Italiya suka janye irin waɗannan kafso da dama daga kasuwa bayan mutane sun kwanta da shawara. A Amurka likitoci sun ba da labarin mutum 10 da kafson gangamau ya ji wa ciwo a hanta tsakanin 2011 da 2022, biyar aka kwantar, ɗaya ya mutu. Bakwai cikinsu an same su da wata alama guda ta gado a jini, wadda mutum ba ya sanin yana da ita sai an auna. Miyar gangamau kuwa mutanen Indiya suna cinta kullum tun kaka da kakanni.

Koren shayi haka. Mai zama gindin butar Buzaye yana kurɓa ƙaramin kofi bayan ƙaramin kofi, hukumar lura da abinci ta Turai ta duba a 2018 ba ta ga laifin shayin da aka dafa aka sha yadda aka saba ba. Amma ta ce tsantsarsa ta kafso, in sinadarin ya kai miligiram 800 a yini, tana ta da ALT. Tun 2003 Faransa da Sifen suka hana sayar da wani maganin rage ƙiba mai suna Exolise wanda da koren shayi aka yi shi. A lissafin likitocin Amurka, cikin kowane mutum biyar da magani ya ɓata wa hanta, ɗaya irin waɗannan kayan ganye da na ƙarin ƙarfi ya sha.

Iyaye kuma su kula da rai ɗore, wanda ke cika bayan gidajenmu da damina. A yankin Saharanfur na arewacin Indiya an yi shekaru yara ƙanana suna mutuwa kowace kaka, hanta da ƙwaƙwalwa sun lalace, ana tsammanin annoba ce. A 2007 aka tabbatar 'ya'yan rai ɗore ne suke ci ɗanye wajen wasa. Ba tafasa ba ce, ko da yake dangi ne, a koya wa yara bambancinsu.

Yanzu in zo inda maganar ta shafi sito da ma'auni. A 1960 'ya'yan talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Birazil, wadda wata fumfuna ta kama. Gubar da fumfunar ke fitarwa aka kira afalatoksin. Tana son gyaɗa da masara da aka tara da danshi cikin zafi. Ba ta da wari, dafuwa da suya na gida ba su kashe ta. In ta yi yawa tana kisa nan take, kamar a Kenya a 2004 inda mutum 317 suka kwanta saboda masara, 125 suka rasu. In kaɗan kaɗan ce, shekara da shekaru, sankarar hanta take haifarwa. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi lafiyar maza 18,244, aka ba da sakamako a 1994: mai alamar afalatoksin a bawalinsa haɗarin sankara gare shi ya ninka wajen sau 3, mai ƙwayar ciwon hanta nau'in B sau 7, wanda ya haɗa biyun kuwa wajen sau 59. A Nijeriya binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum 8 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Maƙwabcina yana cikinsu, gyaɗa kuma yake tauna tun safe.

Can ƙasar Sin akwai wani yanki mai suna Kidon a bakin kogin Yanzi, inda masara ce abincinsu, sankarar hanta kuwa ta yi musu katutu. Nan masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, tare da likitocin wurin, suka yi gwajin da ya fi kowanne kusa da abin da muke tambaya. Suka ɗauki wani sinadari da ake samowa daga koren ganye a gyara, sunansa kulorofilin, wanda ke kama afalatoksin tun cikin hanji ya hana ta tsotsuwa. Mutum 180, da ƙuri'a, miligiram 100 sau uku a yini tare da abinci, wata 4. A 2001 suka ba da sakamako: alamar ɓarnar gubar cikin bawali ta ragu da kashi 55 cikin ɗari. Wannan hujja ce ta sahun gaba, ga mutane, ba ga ɓera ba.

Suka sāke gwadawa da tsiron wani ɗan'uwan kabeji da ake kira burokoli. Cikinsa akwai salforafen, wanda Farfesa Paul Talalay ya gano aikinsa a 1992. Shi aikinsa ya ta da hanta daga barci ta ƙara saƙa igiyar ɗauri, watau ta yawaita gulutatayon da 'yan'uwansa. Mutum 200 suka sha ruwan tsiron mako biyu, amma a sakamakon 2005 ba a ga bambanci a jumlace ba, domin cikin wani ya karɓi sinadarin da yawa, na wani kaɗan ƙwarai. Na kawo wannan ne saboda zogalenmu yana da sinadari ɗan gida ɗaya da salforafen. Ga wanda ke cin kwaɗon zogale da miyar yakuwa da ta shuwaka, ya ci gaba, abinci ne mai albarka, yana yiwuwa kuma yana ƙara wa mai gadi ƙarfi. Abin da ban yarda ba shi ne a kira shi waraka ga wanda ƙwayar cuta ta riga ta shiga.

Me ya sauƙaƙa wa mutanen Kidon daga baya? Daga tsakiyar shekarun 1980 aka saki kasuwa, suka sami shinkafa suka bar masarar da ke fumfuna. Afalatoksin cikin jininsu ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa, mutuwar sankarar hanta ta sauka har ga waɗanda ba a taɓa yi wa rigakafi ba.

Kusa da mu kuma, a yankin Kindiya na ƙasar Gini, an yi wani gwaji da aka ba da labarinsa a 2005, wanda nake so kowane dillalin gyaɗa ya ji. Ƙauyuka 20 na manoman gyaɗa, aka bar 10 bisa al'adarsu, aka koya wa 10 abubuwa kaɗan: a tsince ɓatattun ƙwayoyi da hannu, a shanya bisa tabarma maimakon ƙasa, a bari ta bushe ƙayau har ta yi ƙara in an girgiza, a zuba cikin buhun algarara mai shan iska maimakon na leda, a ɗora buhuna bisa katako kada su taɓa ƙasa, a sa maganin ƙwari a daɓen ɗakin ajiya. Bayan wata 5 aka auna jini. Gubar da ke jikin mutanen ƙauyukan da aka koya wa ba ta kai rabin ta sauran ba. Ku gwada wannan da kashi 55 na ƙwayar kulorofilin da ake sha sau uku a yini. Tabarma da katako sun yi aikin da ƙwaya ta yi. Manoma kuma suna da Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar, ana watsa shi a gona kafin fure, wata fumfuna marar guba ta riga mai gubar kama wuri.

Game da ƙwayar nau'in B kuwa, jaririn da ya ɗauke ta wajen haihuwa, tara cikin goma tana zama jikinsa har girma, alhali babba in ya kamu galibi jikinsa yana kore ta. Saboda haka ake yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 na farko. Nijeriya ta sa ta cikin alluran yara tun 2004. Mu da ake kira raɗin suna ran bakwai, mun makara da kwana shida in sai ran nan za mu tambaya, a gaya wa uba tun matarsa na da ciki. Wanda ya riga ya kamu kuma akwai ƙwaya irin su tenofobir, ɗaya a yini, tana danne cutar ta hana hanta ƙeƙashewa. Ba kowa ke bukatarta nan da nan ba, awon jini ke nunawa, shi ya sa aka ce wa maƙwabcina ya komo bayan wata shida.

Da ya dawo zaure na mayar masa da kwalbarsa, na gaya masa ganye bakwai ɗin nan biyar suna cikin tukunyar gidansa, kuma ba wanda ya san nawa aka zuba na kowanne, ko abin da aka ƙara ba a rubuta ba. Na ce ya je da ita asibiti ya nuna wa likita, ya kai matansa da 'ya'yansa a auna su. Ya amsa. Sa'an nan na tambaye shi inda yake kai gyaɗar da ya tsince, mai baƙi da mai huji da wadda ta motse. Ya ce ai ba a zubarwa, akwai mata masu ƙuli-ƙuli da ke saye da araha. Mafi yawan gubar kuwa ba ta bin mai, cikin tunkuza take zama. Ƙuli-ƙulin nan na araha shi ne wanda almajiraina ke saye su jiƙa da gari da hantsi. Mun rabu a kan zai kawo maganar gaban shugabannin 'yan gyaɗa ran kasuwa mai zuwa, ni kuma zan je in zauna tare da su.